Ya Meram da Takardun Bangon Dokta Yaro

Duk wanda ya taɓa kai tattasai kasuwar Diffa ranar Talata ya san Ya Meram, in bai san sunanta ba ya san hannunta. Gajeriya ce, baƙa, mai zanen Barebari a kumatu, ta ba hamsin baya. Sana'arta ta sayi tattasai a hannun manoman bakin Komadugu, ta tara, ta sayar wa masu lodi zuwa Damagaram. Mata da yawa na wannan sana'a, amma yadda take duba buhu ne ya fitar da ita daban. Kowa in an kwance masa bakin buhu ya ga ja jawur sai ya ce madalla. Ita kuwa sai ta naɗe hannun riga har kafaɗa, ta zura hannu har gindin buhun, ta damƙo na can ƙasa ta fito da shi rana. In ka jera mai kyau a sama ka ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa, ranar ka shiga uku, domin kuwa Allah bai ba ta ƙaramar murya ba. Ƙurar tattasai ta shaƙe ta, ta yi ta atishawa hawaye na zuba, duk ba ya hana ta zura hannu a buhu na gaba.

A Barwa aka haife ta, can wajen Boso, gidan masunta. Tana da shekara bakwai ubansu ya rasu, wanta Modu ya ɗauki gidan a ka yana ɗan saurayi. Shi ya ciyar da ita, shi ya aurar da ita, da mijin ya rasu kuma wurinsa ta dawo. Lakwal kam, makarantar boko, ko ƙofarta ba ta taɓa takawa ba. Harafi ko ɗaya ba ta sani ba, amma lamba ta san ta sarai, don lamba ake rubutawa a jikin buhu. Shekarar da tashin hankali ya kore su daga gida, Ya Modu ne ya goya tsohuwarsu, kwana biyu yana tafiya da ita cikin rairayi, Meram na biye da ƙunshi a ka. Ko yau ka tambaye ta abin da ta fi tunawa a tafiyar nan, za ta ce maka dugadugan Ya Modu, don su ta riƙa kallo har suka fito kwalta.

Ba su koma ba. Tsohuwa ta rasu bayan shekara guda, Meram ta samu ɗaki cikin Diffa, shi kuma Modu ya samu aron fegi a bakin kogi kusa da Gagamari ya koma noman tattasai. Ya kafa bukkarsa a ɗaya daga cikin zangunan ƴan gudun hijira da suka jeru a bakin hanya. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, ƴaƴansa sun watse neman abinci, shi kaɗai yake zaune. Ciwon suga ya kama shi, yana shan magani ranar da ya tuna.

Wata rana lokacin ban ruwa ya jingina ƙafarsa ta hagu da salansar injin ban ruwa, abin da zafi kamar wuta, shi ko ji bai yi ba. Sai da ya zo alwala ya ga yatsun sun sale. Mako biyu yana shafa baƙin mai yana ɗaurewa da tsumma, bai gaya wa kowa ba. Da Meram ta kai masa ziyara, tun daga bakin bukka wari ya tare ta. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta tsayar da mota ta kai shi babban asibiti a Diffa.

Lokotoron, wato babban likitan da ya duba shi, bai ɓoye musu komai ba. Ya ce, "Inna, ki saurare ni da kyau. In aka samu wanda ya san aiki yana wanke mikin nan kullum, yana auna sugansa, ƙafar za ta tsira. In aka yi wasa, yanke ta za mu yi daga gwiwa. Ba sai lokotoro ba. Ku nemi majo ko wani mataimakin likita kusa da ku, amma mai takardar gaske."

Meram ta so ya zauna wurinta cikin gari, Modu ya ce atafau. Tattasai na fure, injin na aro ne, in ya bar fegin kwana uku ba ruwa shekararsa ta tafi. Dole dai a nemo mai wankin miki can kusa da shi, kuma wanda zai karɓi katinsa. Ƙungiyarsu ta manoman tattasai tana da asusun lafiya, wanda kowa ke kira mituwel. Kowane ɗan ƙungiya in an yi girbi yakan ba da buhunsa, a ba shi kati mai hotonsa, in ciwo ya zo asusu ya ɗauke masa rabin nauyi ko fiye. Ba don katin nan ba, jinyar wata biyu ta fi ƙarfin su biyun.

To, a ƴar kasuwar zangon akwai wani da ake ce wa Dokta Yaro. Kai, mutumin nan ya iya shiga! Farar riga fes, abin sauraron ƙirji rataye a wuya ko burodi zai je saye, ga gemu an gyara. Ɗakinsa na bulo ne an shafe shi da farin fenti, bangon kuwa cike da takardu cikin gilashi, guda goma sha ɗaya, kowace da tampo, wato hatimi, da tambari mai launi. Meram ta kai wanta, ta yi tambaya biyu kamar yadda ya kamata. Ta ce, "Dokta, kana da takarda?" Bai ma buɗe baki ba, ya dai nuna bango da hannu. Ta ce, "Kana karɓar katin mituwel?" Ya ce, "Inna, kowane kati muna karɓa. Kawo in ajiye miki, mu za mu ji da su." Ya jefa katin cikin durowa ya rufe.

A nan fa gaskiya sai an faɗe ta ko da Ya Meram za ta ji haushi: ta ga saman buhu ta ce madalla. Matar da ba a taɓa cuta da tattasai ba, ta tsaya gaban gilashi goma sha ɗaya ta sakankance. Wanda bai yi karatu ba yana jin nauyin takarda, ko ta ƙunshin ƙosai ce in dai da tampo a kanta. Ta koma gida tana yi wa Allah godiya.

Dokta Yaro ya shiga aiki. Yau allura, gobe ƙarin ruwa, wanda ya ce na ƙarfin jiki ne. Mikin kuwa ya ɗan goga masa jan magani ya naɗe. Modu daɗi kamar ya kashe shi. Ya ce wa ƙanwarsa, "Kin gani ko? Wannan shi ne likita. Leda guda ta shiga, sai ka ji jini na gudu." Haka mutanenmu suke, in ba a soka musu allura ba, ba a yi musu magani ba. Amma Meram da ke zuwa bayan kwana bibbiyu ta ga abin da bai yi mata ba. Ya Modu na shan ruwa kamar raƙumi, yana zagawa bayan gida ba iyaka, wuyansa ya rame, warin kuma ƙaruwa yake. Da ta yi magana, Dokta Yaro ya ce dafi ne ke fita.

Ranar kwana na tara, ƙusar da ake rataya ledar ruwa ta fice daga bango. Dokta Yaro ya ce, "Inna, ɗan riƙe min ledar nan sama." Ta miƙe ta tsaya jikin bango, hannu a sama, hancinta kusan ya taɓa gilashi. Tsayuwa ta yi tsawo, ba abin yi, sai idonta ya shiga yawo a kan takardar da ke gabanta. Shuɗin zane kewaye da ita. A sama hoton hannuwa biyu ƙarƙashin famfo. A ƙasa sa hannu mai lanƙwasa kamar ƙugiyar kamun kifi.

Ta ƙura mata ido. Ta san takardar nan. Shekarar da aka yi kwalara, ƴan furoje, ma'aikatan wata ƙungiyar agaji, sun tara matan kasuwa da masu talla ƙarƙashin tanti kwana uku, suka koya musu wanke hannu da sa magani a ruwan sha. Da rana a ba su shinkafa, ranar ƙarshe kuma aka kira kowa da sunansa aka miƙa masa takarda ana tafi. Tata na nan cikin kwalla ƙarƙashin zannuwa. Ta juyo ta ƙare wa Dokta Yaro kallo, ta cire masa gemu da farar riga a zuciyarta. Ashe shi ne! Mutumin layin baya, mai tallan magani cikin kwali a bayan keke, wanda ya riƙa tambaya ko za a ƙara shinkafa.

Innalillahi. Ta dai ci gaba da riƙe ledar. Ranar ce ta farko a rayuwarta da ta kama ruɓaɓɓe ba ta yi ihu ba, don allura na jikin wanta, kuma ba ta tabbata ba tukuna. Da ruwan ya ƙare, ta ninke ledar ta ƙulle a bakin zanenta ba wanda ya lura.

Washegari da sassafe tana ƙofar biro, wato ofishin ƙungiya, da takardarta a hannu. Mai riƙe da sha'anin mituwel wata yarinya ce Ramla, ƴar gidan ƴan kasuwar Damagaram, mai karatu da haƙuri.

Meram ta ce, "Ramla ƴata, karanta min wannan. Kar ki rage, kar ki ƙara."

Ramla ta duba ta ce, "Ya Meram, cewa aka yi kin halarci taron kwana uku kan wanke hannu da tsabtace ruwan sha."

"Shi ke nan? Ba a ce in yi wa mutum allura ba?"

Ramla ta fashe da dariya, da ta ɗago ta ga fuskar matar sai dariyar ta tsaya.

Meram ta ce, "Irinta ce a bangon mutumin da na miƙa wa ƙafar Ya Modu."

Ramla ta jawo kaye, littafin da ke ɗauke da sunayen wuraren da asusu ya yi yarjejeniya da su. Ta bi layi-layi da yatsa har ƙarshe, babu Yaro, babu mai kama da Yaro. Ta ce, "Katin yana ina?" Meram ta ce yana durowarsa. Ramla ta dafe kai. "Haba Ya Meram! Ba a barin kati hannun kowa. Nunawa ake yi, a rubuta lambarsa, a mayar miki da abinki." Ta sake duba kayen ta ce kusa da Gagamari wuri ɗaya ne ke ciki, wani ƙaramin asibitin gwamnati, mai duba marasa lafiya a can sunansa Malam Ubaidullahi.

Meram ta ce, "Wannan ma daga bakinki na ji. Wa ya san shi ya yi karatun?"

Ramla ba ta ji haushi ba. Ta ce ofishin lafiya na gunduma, wanda ake kira distirik, su ke riƙe da sunan duk wanda aka yarda ya taɓa marar lafiya. Meram ta ɗaure zane ta kama hanya a ƙasa.

Tun hantsi take zaune a benci har aka kira azahar, kafin wani dattijo mai tabarau ya saurare ta. Ya ce ai Malam Ubaidullahi sananne ne, ta je kawai. Ta ce, "Ranka ya daɗe, nuna min a littafi." Ya leƙo ta saman tabarau. "Hajiya, kin iya karatu ne?" Ta ce, "Ban iya ba. Ka ɗora yatsana a kan sunan, sannan ka rubuta min lambar takardarsa manya-manya. Lamba na sani." Dattijon ya yi murmushi ya ɗauko littafin, ya kama yatsanta mai jan tattasai ya ɗora a kan layin, ya rubuta mata lambar a ƴar takarda. Ta ce ya duba mata Yaro. Ya juya shafukan sau biyu, murmushin ya ɓace. Ya tambaye ta inda ɗakin yake, ya rubuta a gefe.

Ta shiga motar Gagamari. Asibitin ɗaki biyu ne da bishiyar dogon yaro, mata masu goyo na zaune a inuwa. Malam Ubaidullahi siriri ne mai furfura a gemu, rigar aikinsa ta koɗe, wuyansa ba komai. Bangonsa kuwa fayau, sai wata tsohuwar takardar riga-kafin yara. Wallahi da a makon jiya ne ta leƙo, da ta juya. Yau sai ta samu wuri ta zauna inda take hango shi, ta bar layi ya ƙare. Ta ga duk wanda ya sallama sai ya je wurin bokiti ya wanke hannu da sabulu, bayan hannu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. A wannan fanni dai ita ma mai takarda ce, kuma ba ta ga inda ya yi kuskure ba. Sai a lokacin ta tuna kwana tara ba ta taɓa ganin Dokta Yaro ya jiƙa hannu ba, ga takardar wanke hannu rataye a kansa.

Ta shiga ta gaishe shi, ta ce, "Malam, ban zo da ciwo ba. Takardarka na zo gani."

Ya ɗago ya dube ta. Hausarsa ta mutanen ƙetaren kogi ce. Ya ce, "Hajiya, shekarata tara a ɗakin nan, ke ce ta farko da ta tambaya. Zauna."

Ya buɗe wani akwatin ƙarfe ya fito da leda mai takardu biyu. Ta farko ta yi ruwan ƙasa, tawadar ta zuba, rabin hotonsa ya goge. Ya ce ta makarantar kiwon lafiya ce a Borno. Ranar da suka gudo daga Damasak cikin hularsa ya cusa ta ya faɗa kogi, ruwa ya kai masa har ka. Ta biyu fara ce ba ado, tampo ɗaya tak, ta hukumar nan ce da ta tantance shi ta ba shi izinin aiki ƙarƙashin lokotoron gunduma. Meram ta kwance ƴar takardar dattijo ta ajiye kusa da ita. Ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya da farce, tana kiran su da Barbarci a fili. Suka yi daidai har ta ƙarshe.

Ta ce, "Katin mituwel na manoman tattasai fa?"

Ya ce, "Muna karɓa. Ki nuna, in rubuta lambar, ki koma da abinki."

Ta yi ajiyar zuciya. Sannan ta ba shi labarin ƙafar Ya Modu, ta kwance bakin zane ta miƙa masa ledar jiya. Ya karanta jikinta, fuskarsa ta sauya. "Mai ciwon suga aka sa wa wannan? Leda nawa?" Ta ce biyar. Ya ce, "Hajiya, ruwan suga ne. Ana sa wa wanda sugansa ya faɗi, ba wanda nasa ya hau ba. Ki kawo min shi yau, ba gobe ba. Ina nan ba zan rufe ba."

Ba ta san yadda ta isa zangon ba. Bukkar Ya Modu ba kowa, ta wuce ɗakin Dokta Yaro. Tana ɗaga labule ta ga wanta kwance a benci ya miƙa hannu, Yaro ya rataye sabuwar leda a sabuwar ƙusa yana neman jijiya.

"Kar ka soka masa!"

Muryar kasuwar Talata ce ta fito, har masu shayi na waje suka taso. Ta zaro takardarta ta manna a bango kusa da tasa. "Jama'a, ku matso ku gani! Ga tasa, ga tawa. Tanti ɗaya muka zauna, shinkafa ɗaya muka ci. In wannan ce ta mai da shi dokta, to ni ma Dokta Meram ce, ku yi layi in yi muku allura!" Wani tsoho daga benci ya ce wallahi shi ma yana da irinta a gida. Yaro ya fara gumi, ya ce ai ga sauran goma. Cikin masu jira akwai wani malamin lakwal, Meram ta ce ya taimaka ya karanta su da ƙarfi. Malamin ya gyara tsayuwa. Ta farko ta rabon gidan sauro ce. Ta biyu ta ƙidayar ƴan gudun hijira. Wata ta koyon haɗa sabulu. Kafin ya kai ta shida ɗakin ya kaure, wasu na dariya, wasu na salati, wata mata na kuka don ɗanta ma ya sha ledojin nan. Meram ta finciko durowa. Katuna ne fal. Ta gane na wanta da hotonsa ta ɗauka, sauran ta baza a tebur kowa ya nemi nasa.

Wanda ya fi kowa fushi Ya Modu ne. Ya tashi zaune ya sha toka. "Meram, kin kunyata ni cikin mutane. Bawan Allahn nan bai taɓa ɗaga min murya ba."

Duk kaifin bakinta, ba ta taɓa mayar wa wanta magana ba, yau ma ba ta yi ba. Ta durƙusa gabansa a ƙasan siminti. Ta ce, "Ya Modu, ni na kawo ka nan, laifin nawa ne. Ƙafar nan ita ta fito da mu daga Barwa. Ba zan tsaya ina kallo a sare ta ba. Ka tashi, ko in goya ka."

Ya dube ta, ya dubi ƙafar. Ya miƙa mata hannu ta ɗaga shi.

Malam Ubaidullahi na nan kamar yadda ya ce. Ya wanke hannu, ya soki yatsan Modu ya auna suga, injin ya ƙi nuna lamba don abin ya wuce iyakarsa. Ya kwance ɗaurin a hankali. Ƙananan yatsu biyu na gefe sun yi baƙi ƙirin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Yatsu biyun nan sun mutu, aikin lokotoro ne. Zan rubuta muku takarda ku wuce babban asibiti yanzu, kafin rana ta faɗi. In an cire su ku dawo min da sauran ƙafar, ni da ita ne."

Modu ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Kin ji likitan naki, ya ce bai iya ba."

Ita kuwa a nan ne hankalinta ya kwanta. Shekara da shekaru tana kasuwa, ba ta taɓa ganin macuci ya ce da bakinsa abu ya fi ƙarfinsa ba.

Washegari aka cire yatsun. Lokotoro ya ce da sun ƙara kwana uku, da maganar gwiwa ake yi. Meram ta bi shi har bakin ƙofa ta ce, "Ranka ya daɗe, ka gaya min gaskiya. Da tun farko wurin mai takardar gaske na kai shi, da yatsun sun tsira?" Ya so ya kauce, ta kafa masa ido. Ya ce, "Mai yiwuwa ne, Inna." Ta ce ta gode. Ta samu bayan wani ɗaki ta yi kukanta ita kaɗai, ta wanke fuska, ta koma ta ba wanta kunu.

Wata biyu da kwana goma Malam Ubaidullahi na wanke mikin nan kullum safiya, har ranar Juma'a. Ƴan ƙungiya suka riƙa karɓa-karɓa wajen ba fegin ruwa. Meram ta kwaso tabarmarta daga Diffa ta dawo bukkar wanta, ta hana shi shayi mai suga, ya yi ta mita. Malam ɗin ma bai tsira ba, Modu ya raɗa masa suna mai wankin ƙafa, wai shi ba allura ba ƙarin ruwa. Ranar da aka fara yi masa ƴar allurar suga kuwa ya washe baki, ya ce yanzu aka fara magani. Kullum Meram ta nuna kati, a rubuta lamba, ta mayar da shi cikin lalitarta. Miki ya cike, nama ya rufe, ƙafa ta tsaya.

Ɗakin Yaro kuwa mutanen distirik sun zo sun sa masa kwaɗo. Shi ya sulale, ba wanda ya san inda ya nufa da gilasansa goma sha ɗaya. Allah ya isa tsakaninsa da mutanen zangon nan, mutanen da suka baro gidajensu da kayan jikinsu kaɗai, ya bi su har nan ya ƙara musu.

Yanzu in ka je rumfarta ranar Talata za ka ga takardar wanke hannu rataye a ginshiƙi, ta sa an yi mata gilashi. Duk wanda ya tambaya sai ya sha labari. Mutane har daga Sayam suke zuwa da hoton bangon wani likita cikin waya su ce ta duba musu. Ta ce ita ba ta karatu, amma su je su tambayi lambar takardarsa, su kai distirik a ɗora musu yatsa a kan sunan, su kuma leƙa biron asusunsu su ji ko yana cikin kaye. In ya ce a bar masa kati, su ɗauki marar lafiyarsu su fita. Ƴan kasuwa sun mayar da sunanta Dokta Meram, tana amsawa da dariya. In Ya Modu ne ya kira ta haka, murmushi kawai take yi, don idonta kan sauka kan ƙafarsa ta hagu.

Malam Ubaidullahi ya hana shi tafiya ba takalmi, ya hana shi silifa, sai rufaffen takalmi ko na roba mai tsawo in zai shiga fegi. Ya kuma ce a riƙa duba cikinsa kafin ya sa, tunda ƙafar ba ta jin ƙaya ko tsakuwa. Ba ta bar wa kowa wannan aiki ba. Ita ke cusa auduga a gefen na hagu, inda yatsu biyu suka bar wuri. Bana ranar da za a fara dashe, Modu ya fito da sassafe yana sauri, abokan aiki na jiransa a bakin kogi, ya ce ta miƙo takalmin haka nan, jiya ma ta duba.

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta tsuguna, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har gindin takalmin tana lalube. Ta fito da ƴar ƙaya guda, ta ɗaga ta a rana ya gani, ta jefar. Sannan ta gyara audugar, ta kama dugadugansa ta sa masa da kanta.